Makullin da Hajiya Ta Ƙi Bayarwa

Ni dai karatuna bai wuce aji huɗu ba, shi ma rabinsa ta taga na yi shi. Amma ko ni na san ba a koya wa tsohuwa tarihin matan da suka hana sarakuna makulli, sannan a zo a ce ta miƙa nata salin-alin.

A shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu muna zaune a Levenshulme, gidan ɗanmu injiniya. Bayan Stockport Road akwai wani ɗan zaure inda tsofaffin matanmu ke koyon Turanci ran Asabar. Nan kaɗai matata Hajiya ke ganin mutane. Sauran kwanaki tana gindin hitar ɗumama ɗaki tana kallon ruwan sama.

Malamarsu wata Bakatsiniya ce mai karatun digiri a Birmingham, takan hawo jirgin ƙasa ta zo. Bincikenta kan matan Turawan dā ne, waɗanda in miji ya mutu ko ya tafi yaƙi sai su riƙe gunduma sukutum, su yanke shari'a, su buga hatiminsu, har mayaƙa su tara. Da labarinsu take koyar da Turancin. Ana sa ran Hajiya ta iya tambayar hanyar asibiti, sai ta dawo mana da Turancin ganuwa da kibiya. Wadda ta fi kwanta mata a rai wata ce da mijinta ya rasu, aka zo karɓe mata gida mai ganuwa, ta ɗaure makullan a ƙugu ta ƙi sakkowa daga kan ganuwar.

Kwatsam aka ce kansul, wato hukumar gari, ta yanke kuɗin zauren, za a rufe. Ku ji fa! Ɗaki ɗaya, hita ɗaya, butar shayi mai yoyo, wai su ne za su talauta Ingila. To Hajiya ce ke riƙe da makulli, don ita ke fara zuwa.

Ranar ƙarshe Baturen da ke kula da ginin ya miƙa hannu. Hajiya ta ƙulle makullin a haɓar zani, ta zauna daram. Sauran matan ma suka zauna. Malama ta kira ni a waya, na zo da haki.

"Baba, don Allah ka yi mata magana."

"Ni? 'Yata, ke kika ɗora ta kan ganuwa, ke za ki sauko da ita."

Hajiya ta harare ni. "Alhaji, in ba abinci ka kawo ba, koma."

Na koma na kawo tuwo a kula. Da furfurata, a titin Manchester, na zama mai kai wa mayaƙa guzuri! Suka kai la'asar, Baturen ya gaji ya tafi, mata suka rangaɗa guɗa.

Ran Litinin aka turo kafinta ya canza kwaɗon. Rashin kunya ke nan, ko yaƙin ba su tsaya an yi ba. Hajiya kuwa abinci ma ture shi ta yi. Ban taɓa jin haushin hukuma irin na ranar ba.

Da Asabar ta zagayo na dawo daga masallaci na tarar da takalma cike da ƙofa. Ajin ya tare a falonmu, malama kuma a kan kujerata.

"Hajiya, ni a ina zan zauna?"

"Kicin. In ruwa ya tafasa ka kawo."

Na kawo.