Madambacin Kawu Miloud

Miloud Benzerga kuku ne. Ya haura shekara ashirin yana dafa wa sojojin ruwa abinci a cikin jirgin yaƙi mai nutso ƙarƙashin teku, a sansanin da ke yamma da birnin Wahran, cikin wani kicin da in ya ware hannuwansa sai ya taɓa bango biyu. Jirgin ya tsufa har ma'aikatansa sun daina kiransa da lamba, Hajiya suke ce masa. Shi kuma Kawu Miloud, don a haife ya haifi yawancinsu.

Ba girki ya kai shi soja ba. Ɗan masunci ne daga garin Beni Saf, aikin inji ya so, aka dube shi aka ga gajere ne mai jure zafi, aka tura shi kicin. A fitarsa ta farko babban kukun ya kwanta ciwo, aka yi makonni ana cin kifin gwangwani da busasshen burodi. A can ƙasa babu rana babu wata, hasken fitila ɗaya ne safe da yamma. Akwai agogo a bango, amma agogo ba ya shiga jikin mutum. A gaban idonsa wasu ƙarti biyu suka shaƙe wuyan juna kan gardamar ko yau Talata ce ko Alhamis. Suna dawowa tudu ya nufi kasuwar Mdina Jdida ya sayo madambacin tagulla.

Tun daga nan, kowace Juma'a a cikin Hajiya kuskus ake ci, kamar yadda ake yi a kowane gida a ƙasar. Matarsa Kheira ce ke murza tsakin da hannu, ta shanya, ta ɗura masa a buhun yadi. Shi kuma ya turara sau uku, yana juyewa a akushi yana warware shi da man shanu, sannan ya kwarara miyar kabewa da karas, da naman rago in akwai. Babu masallaci a can, babu huɗuba. Ƙamshin ne ladaninsu. In ya bi ta lungu ya isa ɗakin inji, kowa ya san mako ya zagayo, ya san abin da uwarsa ke ɗorawa a wuta a daidai wannan lokaci.

Sai gwamnati ta sayo sababbin jirage. Sun fi Hajiya daɗewa a ƙasa ba tare da sun taso shan iska ba, sun fi ta shiru, kuma mutanen da suke ɗauka ba su kai nata yawa ba. Aka ce Hajiya saura mata fita kaɗan a ja ta gefe a yayyanka ƙarfenta. Wanda bai samu gurbi a sabon jirgi ba, zamansa na ƙarƙashin ruwa ya ƙare, sai ya cire bajon masu nutso daga ƙirjinsa ya koma aikin tudu.

Kwamanda Belhadri, wanda aka ba jirgin farko, ya sa aka kira masa Miloud. Yana ƙaramin hafsa a Hajiya ya fara aiki, ya sha cin kuskus ɗin nan har da neman ƙari.

"Kawu, kai na zaɓa," in ji shi. "Amma madambacin ba zai shiga ba."

"Ya yi girma ne, ranka ya daɗe? Sai in kai maƙera su rage shi."

"Ba girman ba ne, tururin ne. Turare uku cikin jirgin da ke rufe ruf, na'urar tace iska ta yi ta fama, danshi ya kwanta kan kayan aiki. A tudu za a dafa abincinmu a like a leda. Kai ɗumamawa kawai za ka yi."

"Ɗumame," Miloud ya maimaita. "To Juma'a fa?"

"Akwai kuskus a cikin ledojin."

"Da ƙamshi?"

Kwamandan ya girgiza kai. Ya ce dokar ba tasa ba ce, amma ko da tasa ce haka zai yanke, don iskar da mutanensa za su shaƙa tana wuyansa. Miloud bai musa ba. Ya san iska fiye da kowa, ya sha ganin ashana ta ƙi kamawa a kicin ɗinsa. Ya sara masa, ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara.

Kaddour mai kula da inji, abokin tsokanarsa tun suna samari, shi ya tare shi a ƙofa. Shi ya riga ya samu gurbi.

"Kai tsoho, tukunya za ta hana ka shiga jirgin zamani? Ka yi mata sallama mana, ai ba ita ta haife ka ba."

"Kai ma aka ɗauke ka, to me ya rage? Da ma su jirgin shiru suke so, ga shi sun kwashi mai minshari."

"Wallahi za ka ƙare kana feraye wa kurata dankali a bariki."

"In feraye. Dankali dai da hannu ake taɓa shi."

A gida ma bai samu mai goya masa baya ba. Kheira tana tsakiyar murza tsaki ta ɗago kai. "Malam, shekara nawa ina ciwon kafaɗa saboda cikin 'ya'yan mutane? An kawo mana hutu kana hura hanci. Ka karɓa, ka danna musu maɓalli su ci."

"Su ci, eh. Ci ai ko akuya tana yi."

"To kai ne Juma'ar? In babu kai ranar ba za ta zo ba?"

"A nan za ta zo. A can ƙasa sai an kai ta."

Ta dube shi, ta ja tsaki, ta ci gaba da murzawa. Buhun da ta cika a makon ya fi na kullum nauyi.

Da ya koma wurin Belhadri bai yi dogon bayani ba. Ya ce ya gode da zaɓen, amma a nemi wani. Shi kuku ne, bai iya tsayuwa gaban akwatin ɗumame yana amsa sunan kuku ba. Kwamandan ya tuna masa abin da zai biyo baya. Ya ce ya sani.

Haka kuwa aka yi. Ya raka Hajiya nutsonta na ƙarshe, ya dafa mata Juma'arta ta ƙarshe, aka ja ta gefe. Ya cire bajonsa da hannunsa, ya koma babban kicin na bariki, inda akwai taga har biyu. Waɗanda suka yi aiki da shi a lokacin sun ce ya daɗe ba ya son kallon tagar da ke fuskantar teku.

Sabon jirgin ya yi doguwar fitarsa ta farko ya dawo lafiya, ran wata Talata da hantsi. Mutanen suka fito ɗaya bayan ɗaya, fuskokinsu sun yi fari fat, suna kare ido daga rana. A matsayar jirage, daidai jan layin da wanda ba ma'aikacin jirgin ba bai isa ya tsallake ba, suka tarar da baro. A kan baron akwai akushi biyu da madambacin tagulla yana ta tururi, Miloud na tsaye a baya da ludayi.

Kaddour ne ya fara isowa, ya rame. "Kai tsoho, ka fara ruɗewa ne? Yau Talata!"

"Na sani. Wanda azumi ya kuɓuce masa ba ramuwa yake yi ba? Juma'o'in da suka wuce ku ne. Zauna ka fara biya."

Suka tsallako layin suka durƙusa, kowa da cokalinsa. Belhadri ne ya fito a ƙarshe. Ya tsaya a nasa ɓangaren layin, ya dubi madambacin, ya dubi ƙirjin Miloud inda zanen bajon ya bar alama a riga.

"Kawu, maganata tana nan. Ba zai shiga ba."

"Tawa ma tana nan, ranka ya daɗe," in ji Miloud. Ya goge cokali da gefen rigarsa ya miƙa masa ta saman layin. "Matso, kafin Kaddour ya cinye naman."