Sunan Yankan Mai Nasara

Tun asuba Misbahu ke tsugune a ƙofar kakarsa Zara'u a Korgom, wandonsa na Kanada ya sha raɓa. Dogo ne mai tabarau, Hausarsa na ɗingishi. Matarsa na gab da haihuwa, kuma so yake ya mayar da sunan kakansa, wanda duk gari ya sani da Mai Nasara kawai. Dangin matar, wai, a littattafan coci suka tono kakanninsu kaf. Shi kuwa ya sha zarya a meri, ofishin magajin gari, ko wasali bai samu ba.

"Iya, don Allah, sunansa na yanka."

"Haba, angona! Har ya koma ga Allah ban kama sunansa ba, sai yau don ka hawo jirgi?"

Ya cire tabarau, ya murza ido, ya mayar. Da alama a can Kanada, in ka yi tambaya, amsa ake ba ka.

"To mi zan gaya wa yaron?"

"Rijiyar can, shi ya gina ta. Randata kuwa ko ɗigo babu."

Sai ya tura waya aljihu, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki guga.