Idona na Hagu a Bakin Titin Kwararafa

Duk wata wayewa da ɗan Adam ya gina a doron ƙasa, tun daga sikelin mai nama har zuwa kujerar alƙali, a kan imani guda aka ɗora ta: abu biyu da aka ajiye gefe da gefe ya kamata su zo daidai. Da wannan imanin tela yake yanka hannun riga, da shi mawaƙi yake auna baiti, da shi magini yake kafa ƙofa. Wanda aka hana wa wannan daidaito an zalunce shi, ko da kuwa babu kotun da za ta saurari ƙararsa. Ni a fuska aka hana mini. Fatar idona na dama tana da ninki, wani siririn layi kamar karin guga, wanda ke ɗaga ido ya buɗe shi sosai. Ta hagu ba ta da shi. Sumul take, ta ɗan sauko, kamar ƙofar shagon da mai shi ya ja rabi ya tafi salla. A saman girar wannan idon kuma akwai tawadar Allah, ɗigo ɗaya baƙi, don kada mai kallo ya yi ɓatan kai.

A gidanmu na Anguwan Rogo ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Ranar da na kai ƙara wurin mahaifiyata tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kina gani da shi?"

"Ina gani."

"To miƙo mini rariyar can."

Sai da na fara koyarwa na san girman lamarin. Yara ba sa haddace abin da ke cikin littafi, amma fuskar malami kafin zango ya raba sun sauke ta har da tilawa. Babban makamin malama harara ce, ita kuwa harara aikin ido biyu ce. Ni idan na harari aji, ido ɗaya yana yi musu barazana, ɗayan yana neman matashi. Wata rana ina wucewa ta bayan taga na ji wata yarinya tana sanar da 'yan'uwanta cewa Rabin Barci tana zuwa. Na waiga in ga wace ce Rabin Barci. Ba kowa a barandar sai ni.

Na sha wannan suna shekaru. Da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata makaranta a Daɗin Kowa, inda ba wanda ya san ni, na yanke shawarar cewa sunan ba zai hau keke tare da ni ba. Mutum ɗaya na gaya wa, aminiyata. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu, tabarma ɗaya muka zauna a Islamiyya, ita ce ta riƙe mini hannu ranar da aka huda mini kunne na biyu. Ni na bi alli, ita ta bi kwalliyar amare, tana yawo gida gida da akwatinta.

Ta yi dariya har ta gaji, sannan ta ce in ba ta zuwa Asabar. Ranar ta zo da wata 'yar leda da ta samo a wurin wata Madam mai kayan shafe-shafe a kasuwar Taminus. A ciki akwai wasu siraran salatif masu siffar jinjirin wata, a jere a kan takarda, da wani ɗan tsinken roba mai baki biyu. Rubutun jikin ledar ba na Turawa ba ne ba na Larabawa ba. Ta ce daga ƙasashen gabas mai nisa ake kawo su. Na ji wani irin girmamawa ga mutanen can, da suka zauna suka gina masana'anta saboda abin da mahaifiyata ta musanya da rariya.

Ta goge mini fatar idon da auduga har ta bushe ƙarau, don in da maiƙo ba ya kamawa.

"Rufe. Kar ki motsa. Ke da kike sa 'ya'yan mutane su natsu."

"Yana ja."

"Zai ja mana, shekara nawa tana kwance ba aikin fari. Buɗe a hankali."

Ta danna tsinken a tsakiyar fatar, fatar ta naɗe ta shige ciki. Ta bi da hoda, ta ja gazal a gindin gashin ido, ta ɗan shafa hoda mai ruwan ƙasa a saman layin don ya yi zurfi kamar na dama. Ta miƙo madubi. A karo na farko a rayuwata na harari wani abu da ido biyu, kuma abin ya ji tsoro.

Kafin ta fara ta ɗauki hoton idon da wayarta, da ta gama ta sake ɗauka, wai don in ga bambanci. Na gani. Na ce ta goge.

"Wa zan nuna wa? Ni da ke fa."

"Goge dai."

Ta danna wani abu a gabana ta juyo mini da wayar. Na yarda, domin ban taɓa samun dalilin ƙin yarda da ita ba.

Daga nan na shiga wata ibada da ba ta cikin littafi. Wanda bai taɓa ƙoƙarin liƙa abu mai faɗin zare a kan idonsa da safiyar Jos ba, yatsu sun ƙage don sanyi, madubi ya yi hazo da numfashi, bai san haƙuri ba. Da damina gefensa yakan ɗaga, sai in riƙa koyar da aji ina ba su ɓangaren dama kamar mai jiran a zana ta. Ga alwala. Abin da ya hana ruwa taɓa fata ba a barinsa, wannan ko ba a tambayi kowa ba an sani. Don haka kullum da azahar nakan shige banɗakin malamai da ido biyu, in ɓare, in yi alwala, in yi salla a lungun ɗakin ajiya fuskata a bango, in koma in liƙa sabo. Abokan aiki sun ɗauka ni mace ce mai dogon wuridi. Ban gyara musu ba.

Kuma abin ya yi aiki. A sabuwar makaranta yara ba su sa mini suna ba, Malamar Hausa kawai suke cewa, da murya ƙasa ƙasa. In na tsaya a ƙofar aji na dube su, har mai tauna cingam yakan haɗiye. Duk wanda bai taɓa tsayawa gaban yara masu tashen balaga ba zai ce wannan ƙaramin abu ne. Shi ne dukan abin da nake da shi.

Ana nan aminiyata ta gaji da yawon gidaje ta kama shago a Kwararafa. Ranar buɗewa ina fama da makin jarrabawa, ban samu zuwa ba, na aika mata da babban madubi na bango da saƙon fatan alheri. Ta kira ta yi godiya, ta ce in zo in ga wuri. Ba ta ce komai game da abin da zan gani ba.

Malamar lissafi ce ta kawo mini labari a ɗakin malamai, ana shan shayin tara. Mace ce mai kirki, haifaffiyar Daɗin Kowa, Hausarta irin ta gari wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba.

"Malama, ashe kai ne a Kwararafa? Ka zama babban mutum ba ka gaya mana ba."

Na ce ban gane ba.

"A allon sabon shagon kwalliya. Sai da na ce wa mai keke ya tsaya, na duba da kyau. Na ce wannan ɗigo a gira, na Malama ne. Amma me ya sami idon a hoton? Ciwo ka yi?"

Duk ɗakin suka juyo suna duban idona na hagu, wanda a lokacin yake buɗe tangaram bisa ƙarfin masana'antar gabas. Na ce ina da aji. A ajin kuwa, can a kusurwar allo ta ƙasa, wani mai hannun zane ya riga ni. Ido biyu ne da alli, ɗaya a lumshe ɗaya a buɗe, da kibiya a tsakaninsu. Na harari yaran. Suka harari idon, suna neman inda aka yi ɗinkin. Wata yarinya a layin baya ta sa yatsa ta ɗan ja fatar idonta ƙasa, kamar mai sosawa.

Da aka tashi ban nufi gida ba. Tun daga nesa na hango shi, a saman shagon, allon leda mai faɗin ƙofa biyu. An raba shi gida biyu, an rubuta "kafin" a ɗaya, "bayan" a ɗaya, da Turanci. A gidan farko ga idona, girman faifai, a lumshe, yana kallon masu sayar da tumatir da irin gajiyar da na sani tun ina yarinya. Ga tawadar a gira, ta kai girman ƙwallon goriba. Har gefen mayafin da na yafa ranar Asabar ɗin ya fito.

Na same ta a ciki tana yi wa wata amarya gira.

"Ƙawas, shigo mana, kin tsaya a ƙofa kamar 'yar hukumar tsafta."

"Kin ce kin goge."

Ba ta yi kamar ba ta gane ba, wannan kam zan ba ta.

"Na goge. Ashe yana wani wuri a sama. Da na sake waya ya dawo da kansa."

"Da kansa ya hau allo?"

"Ido ne fa kawai. Ba suna, ba hanci, ba baki. Ido nawa ne a garin Jos?"

"Mai tawada a gira guda ɗaya ne, kuma yana koyar da 'yan aji uku."

Amaryar, wadda aka ce ta rufe ido, ta buɗe ɗaya ta dube ni daga ƙarƙashin burushi.

"Anti, ashe ke ce? Wallahi saboda ke na zo. Na ce wadda ta iya gyara wancan, nawa wasa ne."

"Rufe idonki," in ji aminiyata. Sannan ta juyo gare ni, ta sassauta murya. "Ki duba, duk wanda na yi wa aiki amarya ce, kuma amare da kyansu suke zuwa. Ba a ganin hannuna. Ke kaɗai ce aikin ya fito a jikinki."

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"In na tambaye ki za ki yarda?"

"A'a."

"To kin gani."

Ta faɗe shi da fuskar wadda ta warware lissafi. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, fiye da allon. Da mantuwa ta yi, da na samu abin yafewa. Amma ta tuna da ni sarai, ta san amsata kalma da kalma, ta zauna ta auna ta da allon leda, allon ya rinjaya. Kuma duk tsawon wannan lokaci ina kiranta in ce salatif ya ƙare, tana aiko mini, tana tambayata ko yara suna jin magana.

Na ce ta sauke shi. Ta ce mai bugawa ya yi tafiya, kuma sai an samo tsani, kuma ai an riga an gani. Ta ce abin da za ta iya yi yau shi ne ta sa a shafa fenti a kan tawadar. Na ce tawadar ba ta yi wa kowa laifi ba. Na fito.

A bakin titi ina jiran keke, na ɗaga kai na dubi gida na biyu na allon, wanda fushi bai bar ni na kalla ba da farko. Ido ne mai kyau, a buɗe, ninkinsa ya kwanta luf, gazal ya bi shi har ƙarshe. Na ji zuciyata ta ɗan sauka. Na ce a raina, in Kwararafa ta ga inda na fito, aƙalla ta ga inda na isa, kuma gobe in yara sun sake zane a allo, ido na biyun ma nawa ne. Na daɗe ina kallonsa, har na lura girarsa ta fi tawa cika, kuma babu ɗigo a samanta. Na koma na leƙa ƙofa.

"Na bayan, hoda kika sa kika rufe tawadar?"

Tana wanke burushi, ba ta juyo ba.

"Naki bai fito ba. Salatif ɗin yana ƙyalli a hoto, kowa zai gane liƙi ne. Na ƙanwata ne, wadda ke aure a Bukuru."

Na san yarinyar tun tana goye. Da ninkinta aka haife ta, a ido biyun.