Masaukin Katako a Bakin Kanal

Shekara biyu da gama bautar ƙasa ina zaune a gida, takardar shaidar karatun zanen gine-gine tana kwance a ƙarƙashin katifa, sai aminin mahaifina ya aiko a kira ni. Babban dillalin shinkafa ne a Kura, mu kuwa Baba Alhaji muke ce masa tun muna yara. Ya je wata ƙasa sayen injin casa, aka sauke shi a wani ɗakin katako a bakin tafki, ya dawo da waya cike da hotuna. Yana da fili a gefen babban kanal ta wajen Bunkure, ya kuma ƙudura sai ya mai da shi wurin shaƙatawa, inda manyan Kano za su riƙa zuwa da iyalansu su kwana a cikin katako su kalli ruwa.

"Ka ga wannan? Irinsa nake so sak, guda shida. Ai abin da kuka karanta ke nan, ko?"

Na ce e, kusan haka ne. Ban taɓa zana abin da aka gina ba. Wannan ne zai zama na farko, kuma na san duk mai son ba ni aiki nan gaba shi zai fara zuwa ya duba. Sunana ne zai tsaya a filin nan, ko ya zube.

Na je na ga wurin. Ruwan da manyan Kano za su biya su kalla, na tarar wani yana wanke babur a ciki, can gaba kuma ana wanke buhunan taki. Gonakin shinkafa sun kewaye filin ta gefe uku. Tunda rani da damina ban ruwa ake yi, ƙasar ba ta taɓa bushewa ba; na danna diddige sai ga laima. Akwai shuri biyu a kusurwar gabas. Wani turke da aka kafa don shaidar iyaka na taɓa, ya marmashe a hannuna. Gara ta gama da shi ta bar ɓawon.

Mako uku na yi ina zane. Na ɗora kowane ɗaki a kan ginshiƙan kankare masu tsayin ƙugun mutum, da faifan ƙarfe a saman kowanne, yadda in gara ta fara gina hanyarta za a gani a kankare. Iska za ta ratsa ta ƙasa, katako ba zai taɓa laima ba. Na zazzago da rufin ya ba da inuwa, na sa raga a tagogi. Na duba lissafin sau huɗu, don ni mutum ne mai komawa ya taɓa kwaɗo bayan ya kulle ƙofa.

Kuskurena na farko shi ne kai masa zanen bayan la'asar, lokacin da majalisarsa ta cika a ƙofar wurin casa. Kafin ya gama sa tabarau wani abokinsa, dillalin tumatir daga Kadawa, ya fizge takardar. Ya juya ta, ya nisantar da ita, ya kalli ginshiƙan nan.

"Alhaji, rumbu za ka gina wa baƙin naka?"

Aka kwashe da dariya.

"Wallahi rumbu ne. Ga ƙafafunsa nan. Ta sama za a riƙa zura su kamar damin dawa?"

"A'a, ai ɗan boko ya sa tsani," in ji wani. "Hajiya ta tattare zane ta hau."

Baba Alhaji ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Ɗan manomi ne, a tsakanin rumbuna ya tashi, kuma shekara talatin ya yi yana gudun duk abin da zai tuna wa mutane haka. Ba wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa iyayensu suke ɗora rumbu a kan duwatsu. Dukansu sun sani. Kowane ɗayansu ya taɓa ganin abin da gara take yi wa hatsin da aka ajiye a ƙasa. Amma a wurinsu wannan sanin na ƙauye ne, ba ya shiga gidan da za a kira manya su ɗauki hoto.

Baba Alhaji ya ce, "Injiniya, sauke shi ƙasa. Na can da na gani a ƙasa yake."

Abin da ya kamata in ce gajere ne: gara za ta cinye shi. Ga abin da na ce: "To, Baba, ina ganin kamar, wato bisa yanayin ƙasar wurin, mai yiwuwa a ɗan samu matsala nan gaba, ko da yake ya danganta da irin katakon."

"Ya danganta," in ji dillalin tumatir. "Ka ji, shi ma bai tabbatar ba."

Aka kira kafintan da zai yi aikin, wani dattijo da ya rufa rabin gidajen garin. Ya saurara, ya ce in dai gara ce a bar shi da ita. Baƙin mai za a shafe katakon da shi, na injin ban ruwa, wanda ya sha aiki ya yi kauri. Da muka fito na tare kafintan na ce, "Baba, tsakani da Allah, baƙin mai zai riƙe katakon da ke kwance a kan laima?"

"Malam, a rufi yana riƙewa."

"Ai wannan ba rufi ba ne."

"Ni abin da aka ce in buga shi nake bugawa. Kai da ka yi jami'a ba ka ce a'a ba, sai ni?"

Na koma na share ginshiƙan. A kusurwar takardar, da ƙananan haruffan da sai an matso da fuska, na rubuta cewa ana ba da shawarar a yi la'akari da yiwuwar ɗaga ginin. Na sa hannu a ƙasa. A lokacin ina jin na kare kaina.

Ɗakunan sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. An shafe su da fenti mai sheƙi a kan baƙin man, in rana ta yi zafi suna warin garejin kanikawa. Aka yanka rago, aka yi hotuna, dillalin tumatir ya fi kowa tsayawa a gaba. Baƙi sun zo. Yawancinsu sau ɗaya suka zo, don sauron shinkafa bai san babban mutum ba.

Damina ɗaya da rani ɗaya ginin ya yi. Wata safiya Baba Alhaji ya kira ni ya ce in same shi a can. Ƙafar gado ta nutse cikin daɓen ɗaki na biyu da baƙo a kai. Kafinta ya ɓamɓare katako ɗaya, ƙasansa duk ƙasa ce ja da farar gara tana tafasa. Ya danna bango da babban yatsa, yatsan ya shige.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?" in ji Baba Alhaji.

Na zaro takardar na nuna masa kusurwa. Ya sa tabarau, ya karanta, ya cire.

"Wannan ai ba magana ba ce. Wannan gaisuwa ce."

Gaskiya ya faɗa. Ya ce to, a gyara. Huɗu daga ciki za su tsira in an canza ƙasansu. Ya yarda a ɗaga su yadda na zana da fari, har na fara jin sanyi a raina, sai ya ƙara da sharaɗi: a zagaye ƙafafun da bulo har ya haɗe da katakon, a yi fenti, kada kowa ya ga a kan me ɗakin yake tsaye. Wato a gina wa gara matakala a cikin duhu, inda ba mai ganinta.

Na ji kalmomin nan nawa sun taso, ina ganin kamar, mai yiwuwa. Na kalli ramin da ke daɓen.

"Baba, in aka sa bulon za ta sake cinye shi. Ba zan zana ba."

Kafinta ya kau da kai. Baba Alhaji ya ce ya ji, Allah ya yi albarka, in gaida mahaifina. Ya juya ya tambayi kafinta ko bulo nawa za su isa.

Ba a sake kirana ba. Mahaifina ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Hotunan ɗakunan na goge su daga cikin ayyukan da nake nuna wa masu neman mai zane, sai ya zama ba ni da ko ɗaya. Daga baya na sami aiki a wani ofis a Kano inda nake zana shaguna, kuma da suka tambaye ni ko na taɓa yin aikin da aka gina, na ce e, guda ɗaya, gara ta cinye shi, laifina ne.