Shahon da Ba Ya Jin Fitonmu

Kwana tara ke nan wayar Nura ba ta shiga. Shi ne ɗana na fari, soja ne, an tura su daji wajen 'yan bindiga. A maganarmu ta ƙarshe ya ce mini jirgin yaƙin da ke rufa musu baya yana ajiye, wani ƙarfe ake jira daga ƙasar da aka sayo shi. Har da dariya ya faɗa, don kar hankalina ya tashi. Ya kuwa tashi.

Ga maigidana, Malam, da abokansa a zaure kullum bayan la'asar, rediyo a tsakiya, ana ta musun jiragen da gwamnati za ta sayo. Wannan ya ce na Turawa sun fi gudu, wancan ya ce mutanen gabas ba sa gindaya sharaɗi. Mutanen da ko tayar jirgi ba su taɓa taɓawa ba! Ina tankaɗe ina jin su, raina yana ɓaci, sai kakata Iya Kulu ta faɗo mini a rai.

A ƙauyenmu na gefen Minjibir, in gero ya fara ido, mu yara ne masu korar tsuntsu. Muna wuni a gona da majajjawa, muna jan igiyar da aka ɗaura wa gwangwanaye. Da magariba mu dawo murya a dashe, mu kewaye murhun Iya tana tura kara a wuta. Ranar da na yi mitar na gaji da korar janbaki, sai ta ce, "Ga ta nan, ta ragwaye ce, ƙawata ki matso."

Wai wasu manoma ne suka gaji kamar ni. Suka aika hayin kogi aka sayo musu shaho wajen wani baƙo. Baƙon ya yi fito, shaho ya tashi, janbaki suka watse. Murna ta sa mutanen suka tsinke igiyoyinsu suka ɗaure awaki da su, majajjawa kuma aka watsar a bola. Baƙo ya koma gida. Da tsuntsaye suka dawo, gari duka ya fito yana fito, har mai gari, shaho ko gezau. Aka aika wa baƙo, ya ce kogi ya cika, sai ruwa ya janye. Kafin ya iso, kara kawai ya rage a gona.

Na tambaye ta me ya hana su koyon fiton. Ta dungure mini kai ta ce, "Baƙon nan shaho kawai ya sayar musu, yarinya, bai sayar da bakinsa ba. Ƙurunƙus, gobe da asuba gona."

A lokacin na ɗauka dabara ce kawai ta mayar da ni korar tsuntsu. Sai yanzu da ɗana yake cikin gonar na gane.

Jiya haƙuri ya ƙare mini. Na yafa mayafi na tsaya bayan ƙofar zaure na yi sallama, na ce, "Malam, jirgin da za a sayo ɗin, da fitonsa za a sayo shi, ko shi ma sai an aika hayin kogi?"

Abokan suka yi dariya, ba su gane ba. Malam bai yi ba, don na sha ba shi labarin. Ya miƙa hannu ya kashe rediyon, ya tambaye ni a hankali ko wayar ta shiga. Na ce har yanzu.