Buhunan Goggon Almakashi

Manajan ɗakin ɗinkin da ke bayan tasha ɓarawo ne. Bai taɓa ɗaukar ko allura ba. Gumin wata ya sace, mu kuma muka tafa masa.

Wadda ya zalunta ita ce mai yankan yadi a wurin, dattijuwar da kowa ke kira Goggon Almakashi. Shekara talatin da ɗaya ita ke buɗe ƙofa, ta goge tebur, ta wasa almakashinta, kafin teloli goma sha biyu su hau kekunansu. Tana da wata ɗabi'a da ake yi mata dariya a kai: ba ta zubar da ƙyalle. Duk guntun da ya faɗo ƙasa sai ta tsince, ta ware launi-launi, ta cusa a buhu.

"Goggo, bola za ki buɗe mana?" in ji Manaja. Shi ƙanin matar mai wurin ne, bai san gaban riga da bayanta ba.

"Bar su, ɗana," ta ce. "Ai ba a ciyar da su."

Sai ga shekarar da hanyar kawo kaya ta rufe, yadi ya yi ɓatan dabo. Wata biyu ba a ji ƙarar keke ba. Manaja ya tara teloli ya ce kowa ya kama gabansa. Goggo ta ce a ba ta mako guda.

Ta bi ƙofofin makarantu da ƙafa, tana ce wa iyaye su kawo rigar da ta yi wa babba kaɗan a gyara wa ƙarami. Sannan ta zazzage buhunan nan. Wuyan riga ya fito daga ciki, da aljihu, da facin gwiwa, har da jakar littattafai. Wata tela mai marayu huɗu har yau tana cewa, "Ranar da na sake taka keke, wallahi ranar na ɗora tukunya." Ba a sallami ko mutum ɗaya ba.

Da ƙura ta lafa, 'yan kasuwa suka shirya taron karramawa. Manaja ya miƙe ya karɓi lambar yabo ta ceto ɗakin ɗinkin, ya yi dogon jawabi kan hangen nesansa. Goggo tana layin baya, hannu a cinya. Duk mun san gaskiya, muka ja bakinmu muka yi shiru. Bayan wata uku ya sallame ta, wai idonta ya yi rauni. Agogon bango ya ba ta.

Goggo, ke ce uwar wurin nan. Ke kika riƙe tukwane goma sha biyu a kan wuta ranar da mai kujera ya ce a watse. Allah ya saka miki da alheri, ki yafe mana shirunmu. Ku kuma masu riƙe da ma'aikata, ku koyi tattali irin nata, ku yabi mai aiki tun yana gabanku.

Mako guda bayan tafiyarta, Manaja ya sa aka ƙone buhunan, wai sun tare wuri. Bana yadi ya sake yankewa. Mai wurin ya ce masa ya maimaita dabarar da aka ba shi lamba a kanta. Ya rasa ta inda zai fara. Teloli takwas sun koma rumfar ƙofar gidan Goggo, inda take auna yadi da laluben yatsa.

An kori Manaja ranar Talata. Ko yayarsa ba ta sa baki ba.