Gwaggon Rafi Za Ta Ajiye Sanda

Kafin rana ta yi zafi Gwaggon Rafi ta gama ɗaure gwiwoyinta. A bakin gado take zama, ta shafa musu man zafi, ta naɗe kowace da tsumma, tana yi musu faɗa ƙasa-ƙasa kamar yaran da suka ƙi tashi zuwa makaranta. Sai ta jawo sandarta daga bayan ƙofa, wadda aka kafa wa ƙugiyar ƙarfe a baki, ta jefa wata tsohuwar kwalba a jaka. Surukarta takan leƙo daga madafa.

"Inna, ko shayin ba za ki tsaya ki sha ba?"

"Rufe mini shi. In na zauna, waɗannan gwiwoyin ba za su sake yarda su tashi ba."

Daga ƙasa take farawa, wajen gidajenmu, inda rafin ke ƙarasowa bayan ya gama ratsa kowa. Ta cika kwalbar, ta ɗaga ta saitin haske, ta shinshina. Daga nan ta kama hawa: ta wuce gada, ta wuce garejin kanikawa, ta wuce mayanka, ta wuce wurin masu wanki, har idon ruwan da ke can sama. Ledar da ta maƙale a saiwa, ƙugiya ta zaro ta. Bututun da aka karkato cikin ruwa a ɓoye, ta tsaya a kansa har mai shi ya fito. A da takan je ta dawo shayin bai huce ba. Yanzu duk wani dutse mai faɗi da ke kan hanyar ya san zamanta.

Wankau ce sana'arta ta asali. A bakin rafin nan ta yi ƙuruciyarta, da kumfar sabulu ta ciyar da 'ya'ya ta kai su makaranta, bai taɓa zuwa ranta ba ta tambayi inda kumfar ke tafiya in ta sha kwana. A wancan lokacin duk damina sai bencin ƙaramin asibitinmu ya cika da mata rungume da yara, amai da gudawa, idanu sun zurma. Rijiyoyin unguwar ƙasa kusa da rafin suke, abin da ya sha shi suke sha. Shekarar da jikarta ta kwanta, har aka rasa jijiyar da za a yi mata ƙarin ruwa, Gwaggo ta tare malamar asibitin a bakin ƙofa.

"'Yata, faɗa mini gaskiya. Mene ne ke cin yaran nan?"

"Ruwa ne, Gwaggo. Ina ba su magani su warke, su koma gida su sake shan abin da ya kawo su. Ni iyakacina ke nan. Abin daga sama yake gangarowa."

Yarinyar ta rayu, ga ta nan yau ta girma. Amma Gwaggo ba ta koma yadda take ba. Gida-gida ta bi, rumfa-rumfa, tana roƙon a fito aikin gayya a share rafi. Aka fito kuwa, maza da mata, da cebur da manjagara. Ta yi murna ranar har da hawaye.

Sai dai kowa gaban wurinsa ya share. Kuma ina za a kai sharar? Aka tura ta cikin ruwa, ruwa ya tafi da ita. Masu wanki suka tura wa mahauta, mahauta suka haɗa da tasu suka tura wa kanikawa, kanikawa suka ƙara da tsummokaran baƙin mai. Kowa ya dubi gabansa fes, ya wanke hannu, ya tafi gida yana jin ya yi aikin lada. Washegari mutanen ƙasa suka tashi suka tarar da dattin unguwa duka ya toshe ƙarƙashin gada, ruwan ya ja baya ya shiga tsakar gidaje, ya malala cikin rijiyoyi. Yaran da suka kwanta a makon nan sun fi na kowace shekara yawa. Mata suka zo har ƙofar gidanta.

"Ga gyaran naki nan, Gwaggo! Wa ya aike ki?"

Ta shiga ɗaki ta rufe, ta yi kwanaki ko abinci ba ta iya ci. Da wata ce, da nan zancen ya mutu. Ita kuwa da ta fito, taro ta sake kira, a wani aji na makarantar firamare, manyan mutane sun takure a kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Ta ɗauki alli ta ja wani karkataccen layi a allo daga sama zuwa ƙasa.

"Wannan rafi ne," in ji ta.

"Na ɗauka hanjin akuya ne, Yaya," in ji babban mahauci, wanda tare suka taso.

"Kai ka fi kowa sanin hanji, tunda kullum kana aiko mana da shi."

Aka yi dariya, aka ɗan saki jiki. Sannan ta faɗi abin da ta kwana tana juyawa. Daga yau ba wanda zai share gaban wurinsa. Kowa zai gangara ya share na wanda ke ƙasa da shi. Masu wanki su share gaban mayanka, mahauta su share gaban gareji, kanikawa su gangaro gaban gidaje. Su kuma na ƙasa, da ba su da wani a ƙasansu, su hau can sama su kula da idon ruwa, su dasa ciyawa da itatuwa a gaɓa don ƙasa ta daina zubewa. Kuma shara a kwashe ta a kai tudu, kada ko tsinke ya koma ruwa.

Mahaucin ya miƙe, benci ya kusa binsa.

"Ni da girmana zan je in share wa wannan mai baƙin hannun ƙofa?"

"Ai ba ƙofata za ka share ba, Baba," in ji shugaban kanikawa. "Kayanka za ka zo ka kwashe. Mun gaji da ajiye maka."

Haka aka yi. Waɗanda suka gani sun ce ranar farko mahaucin ya shiga ruwan gaban gareji yana mita, ya sa manjagara ya jawo, sai ga ƙahoni da tumbi da kashin dabbobi, har da wata igiyarsa da ya daɗe yana zargin yaransa da sacewa. Ya tsaya yana kallon igiyar, sannan ya ci gaba da kwasa. Kafin wata ya ƙare ya sa an haƙa rami a bayan mayanka, nesa da gaɓa. Shi ma bakaniken da ya gangaro unguwarmu, ya ga yara na wasa a ruwan da mai ke yawo a kansa, ƙafafunsu baƙi ƙirin, sai ya samo duro ya kafa a gareji, ya ce duk yaron da ya sake zubar da mai a ƙasa ya nemi wani ubangidan.

Ke ce kika gane wannan, Gwaggo. Mutum ba ya ganin dattinsa a ƙofarsa, sai ya je ya tarar da shi a ƙofar wani. Ba ki zagi kowa ba, ba ki kai ƙarar kowa ba. Tura su kawai kika yi su je su gani.

Kuma ba ta ware kanta ba. Da masu wanki suka gangara gaban mayanka suka ga yadda kumfarsu ke kwanciya a kan ruwa, ita ta fara kwashe bahonta daga bakin rafi. Ta koma kan tudu, ta haƙa rami ta cika da duwatsu inda ruwan sabulu zai nutse, ta riƙa ɗebo ruwa a ka tana hawa da shi. Abokan sana'arta suka yi fushi, wasu suka daina gaishe ta. Wata ta ce mata a gaban jama'a, "Ke dai ba kya son ganin mutum ya huta." Daga baya duk suka biyo ta, amma hawan tudun nan da bokiti, shekara da shekaru, shi ya cinye gwiwoyin da take ɗaurewa yau.

Mu da muka haihu daga baya, a kan gadon wannan wahala muka kwanta. Damina takan zo ta wuce, bencin asibiti da sauran wuri. Malamar asibitin, da ita ma furfura ta fara fito mata, ta ce yanzu gishiri da sukarin da take ajiyewa don gudawa har lalacewa yake yi a kabad. Akwai yara a unguwar nan da ke tsere zuwa makaranta da ƙafafunsu, ba su san albarkacin tsohuwar nan mai ɗingishi suke rayuwa ba.

To amma ruwa mai kyau yana sa mantuwa. 'Yan shekarun nan masu fitowa aikin sai raguwa suke yi. Wannan ya ce yana da uzuri, wancan ya turo gaisuwa. An buɗe sabon wurin wankin motoci sama da gada, masu shi ba su san da wata doka ba. Gwaggo ta riƙa toshe giɓin da jikinta: in mahauta ba su zo ba ta share nasu, in kanikawa sun makara ta share nasu. Rannan ƙafa ta ƙi ta a tsakiyar hanya, a baro aka dawo da ita. Ɗanta ya zauna a gabanta, idonsa ya yi ja.

"Inna, ya isa haka. Likita ya faɗa, ni ma na faɗa. Rafin nan ba ke kika haife shi ba."

"Na sani. Na gaji, wallahi na gaji. Amma ga hadari ya fara haɗuwa. In ruwan farko ya sauka ba a share ba, a rijiyar wa zai ƙare?"

Watan jiya ta kira taronta na ƙarshe, a ajin nan dai. Ba a cika ko rabin benci ba. Ta lallaba ta isa gaban allo, ta ɗora sandar a kan teburin malami.

"Ga ta nan. Wa zai ɗauka?"

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ba mugunta ba ce. Kowa ya san nauyin abin, kowa ya ga abin da ya yi mata. Ta tsaya tana dafe da tebur tana jira. Can sai tsohon mahaucin ya yi gyaran murya.

"Yaya, ba mai iya zama ke. Mutum ɗaya ba zai ɗauka ba, mu daina yaudarar kanmu. Amma ba ke kika ce komai daga sama yake gangarowa ba? To, ita ma sandar ta gangara. Mako guda a hannun masu wanki, su miƙo mana, mu miƙa wa masu baƙin hannu, su miƙa wa iyayen yara na ƙasa, su kuma su mayar da ita sama."

"Ka ga yau Baba ya yi magana ba wari," in ji bakaniken.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, irin duban wadda aka sha yi wa alkawari. Sannan ta ture sandar da yatsa zuwa bakin tebur.

Ko za mu riƙe, ko ba za mu riƙe ba, Allah ne masani. Mu ma a gajiye muke, ga goyo, ga girki, ga neman na yau. Amma wadda ta taɓa kwana da yaro mai gudawa a cinya ta san wace gajiya ce ta fi. Don haka maƙwabta, na sama da na ƙasa, ranar da aka ƙwanƙwasa muku ƙofa da sandar nan, kada a turo yaro ya ce ba kwa nan.

Ke kuwa Gwaggo, uwar rafi, mun gode. Mun gode da gwiwoyinki, da gaisuwar da kika rasa, da zagin da kika haɗiye a ƙofar gidanki. Allah ya ba ki lafiya, ya sa ki sha shayinki da zafinsa.

Wannan makon sandar a unguwarmu take. Jiya da safe mata biyu suka hau da ita, kowace da goyo. A hanyar dawowa suka tarar da Gwaggo zaune a kujera a ƙofar gida, ƙafafu a miƙe, kofin shayi a gefe. Ko gaisuwa ba ta bari sun gama ba, ta miƙo hannu.

"Ina kwalbar?"

Ta ɗaga ta saitin haske, ta daɗe tana kallo, ta shinshina.

"Akwai sabulu. Masu wankin motar nan ne. Gobe ku biya ta wajensu, kada ku yi faɗa. Ku ce su gangaro su share gaban gada."